Tun da Baba Ya Bar Sigari Ya Daina Hira da Ni

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, ba ni da wanda zan gaya wa. Ki yi haƙuri idan maganar ta yi tsawo.

Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare. Mu biyu ne a gida, ni da Baba. Mama ta rasu tun ina firamare, Yaya kuma yana aiki a wani gari. Baba kafinta ne, shagonsa a jikin gidanmu yake, amma yanzu a rufe saboda ciwon baya. Ƙafarsa ta hagu tana mutuwa, ko bayi zai je sai ya dafa bango. Likita ya ce sai an yi masa aiki a ƙashin baya, amma ba zai taɓa shi ba sai ya bar sigari, wai ƙashin mai shan taba ba ya haɗewa da kyau. In ba a yi aikin ba, tafiyar ma za ta iya gagararsa.

Baba ya bari, Anti. Da kansa ya miƙo mini farantin tokar ya ce in jefar. Na yi murna, amma ga abin da nake kunyar faɗa.

Baba ba mai magana ba ne, ni ma haka. A da, in na dawo daga makaranta yakan aike ni wurin mai shago in karɓo masa "saƙonsa". Bai taɓa kiran sunan abin a gabana ba. In na kawo, sai ya zauna a kan wani benci da har yau bai ƙarasa ba, ya kunna, ya kawar da kai don kada hayaƙin ya same ni, ni kuma ina share garin katako. A nan kaɗai yake hira da ni. Ya tambayi karatuna, ko ya ba ni labarin ranar da Mama ta zauna a kujerar da bai buga wa ƙusa ba, ta faɗi, ta wuni ba ta kula shi ba. Karan sigari na ƙarewa, hira ta ƙare.

Yanzu ba aike, ba hira. Kullum yana kwance, fuska a bango. Rannan cokali ya faɗi a hannuna ya daka mini tsawa, abin da bai taɓa yi ba. A kicin nake cin abincina a tsaye. A makaranta ma ba na iya faɗa wa kowa.

Shekaranjiya da la'asar ya ce, "Auta, je ki wurin mai shago..." Anti, kafin ya rufe baki har na sa takalmi, zuciyata tana murna. Can ya ce, "Bar shi." Na koma kicin na yi kuka, ban ma san kukan mene ne ba.

Na san zai sake. Ban taɓa ƙin aiken Baba ba. In na sayo, na ɓata masa aikinsa. In na ƙi, ina tsoron ya daina ko kallona. Yaya zan yi? Kuma wace irin 'ya ce ni da na yi wannan murnar?

'Yar Kafinta

Amsa

'Yata, ba sigarin kika yi wa murna ba, babanki kike kewa. Wannan ba laifi ba ne.

Shi ma ki duba nasa ɓangaren. Ciwo na cinsa, sana'arsa ta tsaya, yana tsoron tiyata, ga jikinsa yana neman abin da ya saba. Faɗa da shiru suna cikin wahalar barin taba, kuma sukan lafa. Mutumin da ya fara aike ya haɗiye sauran maganar, yaƙi yake yi da gaske.

Biyayya ga uba wajibi ce, amma ba ta kai ki ɗauko masa abin da zai hana shi tafiya ba. Kada ki sayo, ko kara ɗaya. In ya sake, ki durƙusa ki ce, "Baba, ka yi haƙuri, so nake in ga ka miƙe." Zai iya yin fushi. Fushin zai wuce, aikin da ya lalace kuwa ba shi da sauƙin gyara.

Kada kuma ki jira ya kira ki. Yau da la'asar ki ɗauki abincinki ki shiga ɗakinsa ki zauna. Ko bai ce komai ba, ki ci a nan, gobe ki koma. Ki kai masa ɗan aikin da hannu zai yi ba tare da baya ya wahala ba, ki ce ya nuna miki. Ku biyu masu kunya ne, dole ɗaya ya fara, kuma ke ce mai lafiya.

Ki kira yayanki ki gaya masa duk abin da kika gaya mini. Wannan kaya ya fi ƙarfin ɗaliba ita kaɗai. Shi ya sanar da likita halin da ake ciki, domin akwai taimakon da ake ba masu barin taba. Kada a sayi wani magani ba da saninsa ba.

Allah ya sa a yi aikin a sa'a, ya ba Baba lafiya, ke kuma ya ba ki nasara a jarrabawarki.

Antinki