Ba Ni Na Fasa Kwaɗon Ba

Assalamu alaikum Hajiya Na'inna. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki sakaya sunana. Ni hedimasta ne a wata firamare a Jimeta, shekara ashirin da shida ina aikin koyarwa. Saura mako uku in tsaya gaban farfesoshi in kare kundin digirina na uku a fannin shugabancin makarantu. An riga an ɗinka anko, matata ta ba da aikin cincin. Ni kuwa tun watan jiya ko tuwo aka kawo sai in zauna ina kallon sa.

Bincikena a kan yadda wasu shugabanni suka riƙe makarantunsu ne a ƙarshen 2014, lokacin da 'yan ta'adda suka shiga Mubi, mutane suka yi ta kwararowa Yola, wasu da ƙafa. Shugabanni biyar na yi nazari a kansu. Ƙa'idar jami'a ta ce a ɓoye sunan duk wanda aka yi hira da shi, har da jinsinsa da ƙabilarsa, sai na sa musu Shugaba A, Shugaba B, har zuwa E. Huɗu sun yi ƙoƙari daidai gwargwado. Shugaba A kuwa babi guda ya cinye shi kaɗai.

Shugaba A ya tarar da mutum sama da ɗari uku a bakin ƙofar makaranta, ya buɗe musu azuzuwa. Ya fasa kwaɗon sito ya fito da tabarmi da bokitai da manyan tukwanen bikin yaye ɗalibai. Ya tsara cewa iyalai su kwana a aji, ƙarfe bakwai su naɗe kayansu zuwa baya, a buga ƙarfen wilin motar da muke ƙararrawa da shi, a fara darasi. Ya zaƙulo malamai tara daga cikin 'yan gudun hijirar ya ba kowa alli. Ko rana ɗaya ba a fasa karatu ba.

Hajiya, makarantata ce, amma Shugaba A ba ni ba ne. Mataimakiyata ce ta lokacin, zan kira ta Madam Keturah, ko da yake ba sunanta ke nan ba.

Ni a lokacin na yi tafiya. Ba na son kalmar gudu. An yi ta raɗe-raɗin cewa Yola ce ta gaba, sai na ga ya dace in kai iyali Gombe wurin yayan matata, in juyo washegari. Da muka isa, mota ta fara wata irin ƙara. Bakanike ya ce a duba ta a tsanake. Mun duba ta mako bakwai. Makullin ofis da na sito suna aljihuna duk tsawon lokacin, kuma saboda sauri ban samu na faɗa wa kowa zan tafi ba.

Da na dawo na tarar komai yana tafiya, har makarantar ta fi yadda na bar ta tsabta. Abin da idona ya fara faɗawa a kai shi ne kwaɗon sito a fashe. Ƙa'ida kuwa ƙa'ida ce, sai na ba ta takardar tuhuma a kan lalata kayan gwamnati. Ta amsa da layi biyu, ta sayo sabon kwaɗo. Takardar tana cikin fayil ɗinta har ta yi ritaya. A shafi na 112 na kundina na bayyana fasa kwaɗon nan a matsayin jarumtar shugaba a lokacin rikici, na kuma kawo masana huɗu da suka goyi bayan hakan.

Ban taɓa buɗe baki na ce ni ne Shugaba A ba. Abin da ya faru shi ne, a taron ƙara wa juna sani na bara, Farfesa mai duba aikina ya nuna ni da biro, ya shaida wa ɗalibai cewa Shugaba A yana zaune a cikinsu, tawali'u ne ya hana shi magana. Aka yi tafi. Na sunkuyar da kai, wannan ya ƙara tabbatar musu da tawali'un. Labari ya isa gida. Bappana, ƙanen mahaifina, ya ba da shi a masallacin unguwa bayan La'asar, a nasa labarin har mutum dubu na ciyar. Yanzu wata ƙungiya ta gayyace ni in yi wa sababbin hedimastoci lacca a kan yadda na riƙe makaranta.

Madam Keturah tana unguwar Shagari Low Cost tana kiwon kaji. Sau biyar na je na ɗauki hirarta, sau biyar ta ba ni abinci. Har yau H.M. take ce mini, wato hedimasta. Ba ta taɓa tayar da zancen Gombe ba, sai sau ɗaya a cikin hira, inda ta ce a lokacin H.M. ya yi tafiya da makullai. Wannan jimla na cire ta, don na ga ba ta cikin manufofin bincike. Abu ɗaya ta roƙa, wai idan an buga kundin in kawo mata kwafi ta karanta, har ta canza tabarau saboda shi.

Shekara shida na yi a kan digirin nan, na sayar da filina na Damare. Duk abin da ke cikin kundin ya faru. In na faɗa wa Farfesa, ina tsoron a ɗage ranar ko ya ce na yaudare shi. In na yi shiru, ban san da wane hannu zan miƙa mata littafin ba. Kunya nake ji, Hajiya, kunya ƙwarai. Tsohon makullin sito yana nan a durowata, na kasa yar da shi. Yaya zan yi?

Naki,
Hedimasta, Nassarawo.

Wa alaikas salam, Hedimasta.

Na lura ko a wasiƙar nan sai da ka sake ɓoye mata suna. Hannunka ya saba.

Bari in fara da inda ba ka da laifi. Kai iyali Gombe a waɗancan makonni ba abin kunya ba ne. Ni ma jakata tana ɗaure a bayan ƙofa, mota ce ban samu ba. Mai 'ya'ya ya ji tsoro, ba wanda zai ga baƙinsa. Ka kuma yi abin da mutane da yawa ba za su yi ba, ka koma ka zauna gaban matar nan sau biyar ka rubuta aikinta dalla-dalla. Ba don kai ba, da labarin ya tsaya tsakaninta da kajinta.

Laifinka uku ne, kuma duk bayan ka dawo ka yi su: takardar tuhuma, sunkuyar da kai, da jimlar da ka cire. Ta ukun ta fi nauyi, don ita kaɗai ce ta taɓa binciken kansa. Ka ce ba ta cikin manufofin bincike. Malam, kundi a kan shugabanci a lokacin rikici, a ce shugaba ya tafi da makullai mataimakiya ta riƙe wuri, ai wannan shi ne binciken gaba ɗaya.

Ka fara da ita, ba da Farfesa ba. Ka je gidanta cikin makon nan, ba da na'urar ɗaukar magana ba. Ka kai mata babin da jimlarta a ciki, ka faɗa mata abin da mutane suka ɗauka da kuma shirun da ka yi. Ka nemi gafararta a kan takardar tuhumar, ka rubuta wata mai janye ta, ko da ba za ta ƙara mata komai ba yanzu. Sannan ka tambaye ta ko tana son a san sunanta. An kafa ƙa'idar ɓoye suna ne don a kare ta, ba don a kare ka ba. In ta yarda, ta sa hannu, ka nemi izinin jami'a. In ta ƙi, ka bar ta a Shugaba A, amma ka rubuta a fili cewa mataimaki ne ya riƙe makarantar, kuma kai ne hedimastan da ba ya nan.

Daga nan sai ofishin Farfesa, kai kaɗai, kafin ranar. Ba zan yi maka alkawarin ba za a ɗage ba, zai iya ɓata rai, zai iya sa ka gyara. Amma gyaran shafi biyar ya fi sauƙi a kan wani malami ya miƙe a zauren kare kundi ya ce shi yana makarantar a 2014 kuma bai gan ka ba. Mutum ɗari uku suka kwana a wurin nan, Jimeta kuma ba ta da girman da kake zato.

Laccar hedimastoci kuwa, ka ce musu ka san wadda ta fi ka cancanta, ka ɗauko Madam Keturah a motarka, tunda motar ta gyaru. Bappa zai yi fushin kwana biyu. Anko ba ya lalacewa, cincin ma yana jure ajiya.

Makullin nan kada ka yar da shi. Ka tafi da shi ka sa mata a hannu. Ya yi lattin shekara goma da wani abu, kuma ba abin da zai buɗe yanzu, amma tun safiyar da ka kama hanyar Gombe ya kamata ya kasance a wurinta.

Allah ya ba ka sa'ar kare kundi, ya sa mu kira ka Dakta kanka a ɗage. Ka gaishe mini da Shugaba A.

Hajiya Na'inna.