Layin Jan Ƙyalle

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da Inna. Ni dai ga ni nan, kafaɗa ta gaji da goyon famfon feshi.

Saƙonki ya hana ni sukuni. Tabon da kika ce ya feso wa lemon tsakar gida, mai rawaya a kewaye, shi muke fama da shi a gonar lemon da nake aiki. Ƙwayar cuta ce. Ƙanena bai yi ƙarya ba, sarewa ake yi. Amma ki tuna masa marigayiya 'yarmu ce ta shuka shi. Ya dakata mini.

Malamar gona tana gwajin magani: layi ɗaya ruwan tafarnuwa, ɗaya darbejiya, ɗaya citta. Akwai kuma layin da ta ɗaura wa jan ƙyalle, ta ce ruwa zalla zan riƙa fesa masa, wai da shi za a gane ko sauran sun yi aiki. Kullum ina yaudarar bishiyoyi marasa lafiya da ruwa, ita tana can ƙarƙashin laima! Sau da yawa nakan ji kamar in ɗan ɗiga musu tafarnuwar a ɓoye. Sai in tuna in na yi haka, ƙarya zan aiko miki.

Mijinki.

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Ina gaishe ki. Yaya ƙafar Inna?

An gama. Citta ba ta yi komai ba, darbejiya ta ɗan taɓa, amma sabon ganyen layin tafarnuwa ya fito fes. Ba warkewa ba ce ɗungurungum, kada ki sa rai fiye da kima. Layin jan ƙyalle kuwa, ni aka sa na sare na ƙone. Na ji haushin matar nan, amma gaskiyarta. Ta tsaya a hayaƙin tare da mu har wutar ta mutu.

Ki yanke rassan da suka kamu ki ƙone, ki wanke almakashin. Ki daka tafarnuwa, ki jiƙa ta kwana, ki tace, ki fesa har bayan ganye. Kada yara su taɓa bishiyar tana jiƙe.

Hannunki zai daɗe yana wari, sabulu ba ya fitarwa. Nawa ma haka yake. In kin shinshina, mun gaisa ke nan.

Naki har kullum,
Baban yara.