Ranar da Aka Yi wa Tsohuwar Gauraka Guɗa

Madawa, Lahadi 23 ga Nuwamba, 1986

Zuwa ga ƙanena Iliyasu, a Abijan.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Biba da yara, Ya tsare ku a ƙasar mutane, Ya sa albarka a kasuwarka. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Damina ta yi kyau bana, geron gonarmu ta Sabon Gida ya cika rumbu biyu, wake ma bai ba mu kunya ba. Inna ta warke daga ciwon ƙafa, har ta koma faɗanta na kullum, wanda ka san shi ne alamar lafiyarta. Yalwa matar ɗan'uwanmu Ayuba ta haifi namiji, ƙato, da goshin gidanmu sak, Allah Ya raya shi. Husaina kuma ta shiga aji shida a lakwal, makarantar boko, yanzu ita ke gyara mini rubutu, ni da na koya mata riƙon alƙalami.

Takardarka ta iso tun watan jiya, na karanta, na gode. Ka ce ka samo wa maigidana, abokin wasanka Baban Husaina, aikin gadi a wani gidan ajiyar albasa, har ka saya masa usur da tocila, wai ya taho ƙarshen watan nan tunda gareji ya mutu. Na san don ka rufa mana asiri ka yi. Amma wallahi, Iliyasu, sau uku ina ɗaukar alƙalami in ba ka amsa, sau uku ina ajiyewa. Mutumin da ya shekara ashirin da huɗu ana ce masa gwani, a ce yau ya rufe ƙofar garejinsa ya tafi bakin teku yana busa usur, mu kuma mu zauna muna tsayar da direbobi muna tambayar labarinsa. Abin ya tsaya mini a rai. Shi kuwa har ya ɗaure kayansa a buhu, ya jingine bayan ƙofa, kullum in na zo shara sai na kewaye shi kamar maciji.

Ka dai san yadda aka yi muka kai ga haka. Ka tuna kana ƙarami yadda kake bin motar kumandan mai mulkin yankinmu a guje don ka taɓa tsuntsun ƙarfen nan da ke kan hancinta, wanda saboda shi duk Adar ke ce mata Gauraka, har aka manta sunan da masu ita suka raɗa mata. A lokacin ita ce motar manya. In ba kumandan ba, sai sarki ko alhajin da ya ci ya tada kai. Maigidana kuwa ita kaɗai ya koya, ita kaɗai yake taɓawa, daga nesa in ta yi tari ya san abin da ke damunta. To, sai ga ƙananan motocin nan na Japan sun shigo. Ba su shan man esansi da yawa, suna haye duwatsun Buza da Keita kamar awaki, wasu har iska mai sanyi suke hurawa a ciki. Masu Gauraka suka yi ta saki ɗaya bayan ɗaya. Shi kuma ya rantse ba zai kwanta ƙarƙashin gwangwanin tumatir ba, haka yake kiransu. Da zama ya ishe shi, sai ya jawo gawar waccan motar ta kumandan, wadda kaji suka daɗe suna ƙwai a cikinta, ya shekara biyu yana ta fama da ita har ta tashi. Ya shafe ta da baƙin fenti, yana goge ta safe da yamma. Ni har na ce masa da ma rabin wannan kulawar ni aka yi wa.

Yanzu ga labarin da ya sa na iya rubuto maka. Alhaji Maiguwa mai albasa, wanda shi kaɗai ya rage a garin nan da son Gauraka, ya aika Yamai aka saya masa sabuwa ƙirar bana. 'Ya'yansa sun yi ta ba shi baki ya sayi ta zamani, ya ce shi ba zai shiga motar da ɗan tireda ma ke shiga ba. Aka sa ranar Alhamis ta makon jiya za ta iso da hantsi. Ka san al'ada, sabuwar mota ba ta shiga gida sai an yi mata addu'a an yi sadaka. Tun da safe ƙofar gidan ta cika, ga makaɗa, ga maroƙa, ga Liman da jama'arsa a kan tabarmi, ga rago a ɗaure. Ni ina cikin gida ina taya A'i, uwargidan Alhaji, aikin tuwo. Alhaji kuma ya aika a kira maigidana ya zo ya duba injin in ta iso. Shi kuwa, don ya je da mutuncinsa, sai ya wanke tsohuwarsa fes, ya sa babbar riga, ya tuƙo ta a hankali. Ashe ita sabuwar tayarta ta fashe a hanya bayan Ƙonni, ba wanda ya sani.

Iliyasu, da ma kana nan! Baƙar Gauraka na shawo kwanar masallaci tana walƙiya, sai gari ya ɗauka. Kowa ya zaci maigidana aka tura ya taryo sabuwar a hanya. Makaɗa suka saki kalangu, mu mata muka yo ƙofa da muciya a hannu, A'i ta rangaɗa guɗa har sau uku. Ni na gane motar, yaya ba zan gane ta ba, alhali da tsohon zanena ake goge ta? Na ja hannun A'i ina faɗa mata, amma wa zai ji ni cikin wannan kiɗa. Na hango shi ya buɗe ƙofa yana ɗaga hannu zai yi bayani, sai Tsoho maroƙi ya cafke hannun ya ƙara ɗaga shi sama, yana ta kirari, wai ga amarya ga mai kawo amarya. Kafin ya ƙwace, Liman ya ɗaga hannu ya fara addu'a, ka kuwa san ba a katse Liman. Aka shafa, aka tofa wa motar gaba da baya, aka yanka rago. Aka tallabo Hajiya, mahaifiyar Alhaji, aka zaunar da ita a kujerar baya don ta sa albarka. Sannan Alhaji da kansa ya kewaye ta yana shafawa, ya sa kai ciki ya shaƙa, ya juyo ya dubi 'ya'yansa, wai ko makaho ya shaƙi wanga ƙamshi ya san sabuwa ta. Ƙamshin kuwa turaren wutata ne, da nake sa masa a kasko don ya kori warin kaji. Daga nan maigidana ya haƙura da bayani, don ba shi da fuskar da zai ƙaryata babban mutum a gaban jama'a.

Ana cikin rabon goro sai ga wata Gauraka ta taho, ja wur da ƙurar hanya, tana ɗingishi da tayar safaya. Tsoho ya tare ta da sanda, yana faɗa da direban, wai ya kau da wagga tsohuwa daga nan, yau ba ranar tsohhi ba ta. Ɗangana direba ya fito a gajiye, ya miƙa wa Alhaji makulli da takardu. Alhaji ya dubi wannan, ya dubi waccan. Ya sa aka kawo ruwa aka wanke sabuwar, aka jera su. Wallahi kamar Hasana da Husainata ranar suna, in ba ledar da ke kan kujerun sabuwar ba, da lambar da yawancinmu ba su iya karantawa, ba ka raba su. Fitila ɗaya, hanci ɗaya, tsuntsu ɗaya. Shekara ashirin da biyu tsakaninsu, masu ƙera ta ba su ƙara ko ƙusa ba. Ni na ɗauka Alhaji zai yi fushi. Sai ya fashe da dariya har rawaninsa ya kwance, daga nan kowa ya samu izini, har Liman yana share hawaye.

Sauran abin dariyar na gaba. Aka ce Hajiya ta sauko ta koma sabuwar. Ɗangana ya kama mariƙin ƙofar baya zai buɗe mata, sai ga mariƙin a hannunsa, ya ɓalle. Ka san wannan cutar Gauraka ce tun fil azal, maigidana yana da tsohuwar ƙwarya cike da karyayyun mariƙai. Hajiya ta ce ita ba ta sauka, wadda aka yi wa addu'a ita ce tata. Haka aka zaga da ita gari cikin motar kaji, ana kiɗa a baya, sabuwar na biye kamar 'yar rakiya. Har yau maganar ake yi a kasuwa da tasha. Wasu na cewa ai tsohuwar zuma da ita ake magani, motar da ta amsa sunanta ba ta bukatar sabon salo. Wasu na cewa in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, kamfanin da ke sayar wa jika abin da ya sayar wa kaka, da cutarsa da komai, ya kama hanyar kushewa. Alhaji dai ya faɗa a fili, wai daga wannan ya rufe, ba ya ƙara sayen abin da ba ya iya bambanta shi da na jiya.

Duk garin nan ranar yabon maigidana ake yi, amma da ya dawo bayan la'asar, na kawo masa fura, sai na ga yana ta juya ludayi bai sha ba. Can ya ce mini shi da masu ƙera Gauraka ciwonsu ɗaya. Su sun zauna kan sunan da suka yi, shi ma ya zauna kan nasa, ga shi mutum na ƙarshe ya ce ya rufe, saboda haka gara ya ɗauki buhunsa. Raina ya ɓaci, na ajiye kunya gefe. Na tambaye shi, wa ya je wurin Alƙasim maƙeri suka ƙera mariƙin da bai ɓalle a hannun kowa ba yau? Wa ya ƙara wa tsohuwar ƙarfe a ƙasa, ya ɗaga cikinta don kada duwatsun hanyar Buza su farke ta? Na ce masa masu kamfani ne suka yi barci, shi hannunsa bai yi ba, girman kai ne kawai ya ɗaure shi. Hannun da ya gyara abin da Nasara suka kasa gyarawa shekara ashirin da biyu, gwangwanin tumatir ne zai gagare shi? Ya dai shanye furar tas, ya nemi ƙari.

Washegari bayan Juma'a Alhaji ya aiko da sabuwar, wai a yi mata duk abin da aka yi wa tsohuwar. 'Ya'yansa kuma suka ce ƙananan motocinsu biyu na ɗaukar albasa, da suke wahalar kai wa Ƙonni gyara, nan za su riƙa kawowa in har ya iya. Ya gama aikin Alhaji cikin kwana uku. Ranar Talata da safe ya jawo buhun nan daga bayan ƙofa, na ce shi ke nan, Abijan za shi. Sai na ga ya zazzage shi, ya fitar da babbar riga, ya mayar da tsummokaran aiki da tabarma da buta. Ya sayo goro ƙwarya guda, ya ce Ƙonni za shi, wurin Mutari makanike, wanda maigidana ya girme shi da shekara goma sha biyar, wanda kuma shi ne ya fi shan zagin gwangwani a bakinsa. Zai yi wata uku yana koyo. Na ce ba ya jin kunya? Ya ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, gemu kuma ba ya hana ilimi. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, ni kaɗai a tsakar gida, har Inna ta leƙo tana tambaya ko wata motar aka kuma saye. Jiya ya aiko da saƙo, wai Mutari ya karɓe shi hannu biyu, kuma wai gwangwanin nan akwai dabara a cikinsa, amma kada in faɗa wa kowa shi ya ce.

Inna na gaishe ka, ta ce ka rage shan shayi. Ayuba da Yalwa na gaisuwa, Hasana da Husaina na gaida Kawu Iliyasu. Ka gaida mini Biba da kyau, ka shafa kan yara, ka gaida Kawu Ɗanmaraya da duk mutanen Adar da ke zango. Aikin gadi ka ba wani mai bukata, Allah Ya saka maka da alheri, mun gode. Tocilar ka riƙe. Amma usur ɗin ka aiko mini da shi hannun direba na farko. Zan rataye shi a ƙofar gareji, duk ranar da abokin wasanka ya sake cewa ya gama sani, ni zan busa masa.

Allah Ya sada mu da alheri.

Yayarka mai ƙaunarka,
Zaliha