Sahunki Ne Na Gaba

Ya ke sanyin idona, inuwata ta tsakar rana, ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa, matata, uwar 'ya'yana, ke da har yau na kasa mirginawa gefenki na gado!

Na san ba a kai wasiƙa inda kike. Tun ranar da na sa ki cikin ƙasa da hannuna ban taɓa neman takarda ba, don kullum ina kusa. In gama haƙa, in karkaɗe wando, in zo in tsuguna a kanki in ba ki labarin gida. Yau ga ni a ɗaki da rana tsaka kamar majinyaci. Na bar aiki, masoyiyata. Na bar maƙabarta, ban kuma san inda na dosa ba.

Kin tuna ranar da kika kawo mini abinci ruwa ya tare ki? Muka fake a rumfar kayan aiki tsakanin diga da shebur, kina ta mita wai na shafa miki laka a zane. Da ruwa ya tsagaita kika leƙa, kika nuna gindin katanga inda ake jiyo hayaniyar titi, kika ce in ranarki ta zo can zan ajiye ki, don ke ba kya son shiru. Na ce ki bar wannan maganar. Kika yi dariyar nan taki mai sa ki riƙe ciki, kika ce, "To kai ma ka kama gefena, tunda kai ke rabon ɗakunan. Kada in juya in ga baƙo." Wayyo ni! Wa ya gaya mini wasa zai zama alkawari?

Na kai ki gindin katanga kamar yadda kika so. Nawa gurbin kuwa sai da na yi masa dabara, don a wurinmu ba a kama wa mai rai wuri. Sahu ake bi, wanda ya riga zuwa shi ke kwanciya. Sai na jawo wani tsohon baro mara taya na kife shi a gefenki, na jibga masa duwatsu da fasasshen bulo. Duk wanda ya wuce sai ya ɗauka tarkace ne. Shekara da shekaru baron nan yana tsare mini wurina, ni kuma ina barci da kwanciyar hankali.

To, maƙabarta ta cika, hasken raina. Mun matse tsakanin kaburbura, mun cinye hanyoyi, mun sare bishiyoyi, har bakin rumfar nan tamu mun binne mutane. Gari kullum ƙaruwa yake, katanga kuwa ba ta matsawa. Sai shugaban maƙabarta ya tara mu ya ce za a koma tsohon ɓangare. A buɗe kabari, a tattara abin da ƙasa ta rage, a naɗe a ƙyalle mai tsabta, a ƙara zurfi a mayar, a rufe, sannan a kwantar da sabon mamaci a sama. Ba mugunta ba ce, na sani. Na yi wa iyayen wasu haka, ko a jikina.

Aka miƙo mini igiya da turaku in auna. Ina ja ina kafawa, ina ja ina kafawa, sai na ɗaga kai na ga katanga a gabana. Sahunki! In kafa turke a kanki? In auna ki da igiya kamar fili? Ke da nake tafiya da sanɗa in kina barci? Na yar da igiyar a nan inda take, na miƙa wa Dogo mai gadi makullin rumfa. Ya ce, "Ina zuwa haka, mutumina?" Na ce ban sani ba, kuma wallahi gaskiya na gaya masa.

Autarmu ta gan ni na shigo da hantsi, ta ce, "Baba, lafiya?" Na wuce ta na shige ɗaki. Yayata kuwa da labari ya kai mata, ko zama ba ta yi ba ta hau ni da faɗa. "Da furfurarka? Wa zai ɗauke ka yanzu? In ba haƙa rami ba, me ka iya?" Ba ta yi ƙarya ba. Na zaga wurin magina, suka dubi bayana da ya ranƙwafa suka ce in bar lambar waya. Amma rashin aiki ba shi ne ke cin raina ba.

Wautata, abar ƙaunata, ita ce na zaci in na janye hannuna aikin zai tsaya. Ina! Kafin ƙurata ta kwanta sun ɗauki wani, ƙaƙƙarfa, mai son tsabta. Abin da ya fara yi shi ne kwashe tarkace. Ya ɗaga baron ya tarar da fili sabo fil, ya kira shugaba da murna. Washegari aka kawo gawa.

Dogo ne ya zo har gida ya gaya mini, yana murza hularsa a hannu. Wai wani tela ne, mutumin kirki. Ina ruwana da kirkinsa? Allah ya jiƙansa, amma ina ruwana? Kin juya kin ga baƙo, ko? Ni da na yi gadin wurin nan da rana da ruwa, ni ne na sake shi cikin fushin safiya guda! Da na daure na riƙe igiyar, da har yanzu baron yana nan. Kaicona, kaicona! Yanzu in tawa ta zo, oho inda za a cusa ni, wataƙila can bakin ƙofa, wataƙila wata maƙabartar a bayan gari, inda ko iskar da ta taɓa ki ba za ta iso ni ba.

Na haɗiye girman kaina na koma wurin shugaba. Ya ba ni kujera, ya ba ni haƙuri, ya ce gurbin aikina ya cika, ba zai kori wani don ni ba. Na ce to ba aiki nake roƙo ba, kabarinki kaɗai nake roƙo a bar ni in buɗe da hannuna. Sabon ma'aikacin nan ba mugu ba ne, amma bai san ki ba. Zai dankara diga kamar kowane rami. Bai san in ƙasa ta sauya launi ake ajiye ƙarfe a koma yatsu ba. Shugaba ya amince, ya ce in zo ranar da za a buɗe ki.

Don haka nake rubuto miki, farin watana. Sun gama sahun da ke gabanki, naki ne na gaba. Na kasa tsare miki gefenki, na kasa hana a buɗe ki. Abin da ya rage mini kaɗai shi ne kada hannun da bai taɓa riƙe naki ba ya ɗauke ki. Idan kin ji ƙasa na motsi a kanki, kada ki firgita. Ni ne.

Naki, muddin ina taka ƙasa, da bayan ta rufe ni ko a ina ne,

Mijinki