Golmo Na Biyu

Zuru, 10 ga Nuwamba, 2008

Zuwa ga matata Leah, Maman Sila,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da tsofaffin da kike jinya a Baltimore. Yaya sanyi? Yaya ƙafar nan mai kumbura in kin daɗe a tsaye? Mu nan lafiya lau. Sila ya rubuto daga Zariya, karatun likita na tafiya. An fara yankan dawa, ta gonarmu ta bayan dutse ta yi kyau.

To, kun yi sabon shugaba. Da gangan na ce "kun", don shekara shida ke nan kina can. Ranar Laraba da safe na ji a rediyo, na fita na tarar Arzika mai shayi yana zuba wa kowa kyauta, wai ɗan'uwanmu ya hau mulki. Na tambaye shi ta wace kaka ya haɗu da mutanen Kenya. Ni dai ra'ayina yana nan: Obama ya iya magana, ni kuwa shekara ashirin da bakwai na yi ina ɗauko wa jarida kalaman waɗanda suka iya magana. Sai na ga aiki. Amma ba zan ɓoye miki ba, da na ji wanda ya sha kaye ya fito da bakinsa ya taya shi murna, sai da na kashe rediyon. Kin san yadda zaɓenmu na bara ya ƙare.

Ranar Asabar Arsenal ɗinmu ta ci Manchester ɗin Arzika biyu da ɗaya. Ran nan Arzika bai ba kowa shayi kyauta ba.

Kin tambayi dalilin da na ƙi barin wasiƙa alhali ga waya. A waya gaisuwa muke yi har kati ya ƙare. Kuma kin san horon da na samu: babban labari a sama, ƙanana a ƙasa, domin in wuri ya yi kaɗan, daga ƙasa edita yake yankewa. A waya ban san ina ne sama ba.

'Yan zumuntar mata na coci suna gaishe ki. Har yau ba su samu mai ɗaga musu waƙa kamarki ba.

Af, zan sake tabarau. A gidan kallo sai na juya kaina duka kafin in ga golan da ke hagun allo. Tsufa ne, ina ji.

Mijinki,
Dominic

Zuru, 1 ga Satumba, 2009

Maman Sila,

Ina gaishe ki da kewa. Da fatan jiki lafiya, aiki kuma da sauƙi. Damina ta yi albarka, sai dai ɗakin baya ya fara yoyo. Na gode da tabarau na biyu da kika aiko.

Ina bin rigimarku ta gyaran tsarin lafiya. Mutum sama da miliyan arba'in ba su da inshora a ƙasar da ta fi kowa asibiti, an ce za a gyara, sai ga dattawa sun cika zaure suna yi wa wakilansu ihu. Na kasa gane wannan. Mu nan ba ma ihu. In ciwo ya zo, akuya ake ja zuwa kasuwa, in ba akuya a kira fasto. Abin da ya fi damuna shi ne 'yan jaridarku. Kullum ihun suke kawo mana, ban ji wanda ya zauna ya karanta mana abin da ke cikin ƙudurin dokar ba. Editana na farko a Kaduna yakan ce ihu ba labari ba ne, abin da ya sa aka yi ihun shi ne labari. Ki gaya mini gaskiya: ke da kike juya tsofaffinsu a gado, in kika kwanta, wa zai duba ki?

Manchester ta rama, biyu da ɗaya, kuma da kanmu muka zura wa kanmu ta biyun. Kwana uku ina bi ta bayan kasuwa don kada in haɗu da Arzika.

Shekaranjiya samarin golmo, masu noman neman aure, suka wuce ta ƙofar gida da garemani a kafaɗa, za su gonar surukan ɗayansu. Na ɗauka abin ya mutu. Na tsaya har sautin waƙarsu ya ɓace. Shekara bakwai na yi a gonar babanki a Dabai, duk hutun makaranta, abokaina suna yi mini dariya wai hannun biro ya kama garma. Kina kawo mana ruwa ba ki ko kallona. Amma a wancan golmon ina ganinki, ko daga nesa. Da za ki tafi kin ce shekara uku. Watan Nuwamba za ki cika bakwai. Ba ƙorafi nake ba, ƙirga kawai nake yi.

Wuri ya ƙare, na sa hannu a gefe.

Dominic

Zuru, 17 ga Nuwamba, 2009

Leah,

Ina gaishe ki, ina fata kina lafiya.

Idona na hagu ya tafi. Na dama saura kaɗan, kamar mai leƙe ta ramin makulli. Hawan jinin ido ne. Likita a Kaduna ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, aikin tiyata zai iya riƙe sauran, amma bai yi mini alkawari ba. Ki dawo gida.

Kin tambaya me ya sa rubutuna ya yi manya yana gangarawa, kuma me ya sa takardar Satumba ta fi sauran gajarta, kamar an bi ta da almakashi. An bi ta. Tun watan Yuli na san wannan labari. Na rubuta shi a ƙasan shafi, inda na san ana yankewa, sannan na zama editan kaina na yanke. Da wani yaro ya kawo mini labari a haka lokacin ina ofis, da na mayar masa da takardarsa.

Na san kin so ki ƙara shekara biyu har Sila ya gama. Na san abin da dawowarki za ta rage mana, ban raina shi ba. Ba jinya nake nema ba, ina iya ɗiga magani da kaina. Hoton da kika aiko bara ba na iya rarrabe fuskarki a ciki. So nake in gan ki tun da sauran abin gani. Na yi golmo na biyu, shekara bakwai cif, kuma a garinmu ba a hana wanda ya gama golmo matarsa.

Sauran labarai: majalisar wakilanku ta amince da ƙudurin lafiya da ratar ƙuri'a biyar, saura ta dattawa. Mun ci Kenya uku da biyu, za mu gasar duniya, Arzika ya manta 'yan'uwansa ne. Yaranmu 'yan ƙasa da shekara sha bakwai kuma Switzerland ta ɗauke musu kofi a Abuja. Duk a rediyo na ji, na daina zuwa gidan kallo. Wannan sakin layin kina iya yankewa.

Mijinki,
Dominic

Zuru, 7 ga Disamba, 2009

Maman Sila,

Gaisuwa da godiya. Da fatan kin huce. Jiya ne karo na farko da kati ya ƙare ba a kan gaisuwa ba, kuma duk faɗan da kika yi mini na karɓa. Na gaya wa Sila, kamar yadda kika ce. An sa ranar aikin sai bayan kin iso ran sha shida ga Janairu.

Na sa an gyara rufin ɗakin baya. 'Yan zumunta sun ce za su tare ki da waƙa, na roƙe su su bari sai Lahadi.

Zan jira ki a tasha. Mutane da yawa suna rikita ni yanzu, don haka ki ɗaura zanen nan naki ruwan ɗorawa, ki zo mini ta hannun dama, ki matso kusa kafin ki yi magana. Muryarki na san ta. Ina so ido ya riga kunne.

Babu wani labari a ƙasa.

Mijinki,
Dominic