Mita Bakwai

Litinin, 3 ga Maris

Sati na biyu a gidan jarida. Yau Baba Hoto ya damƙa min kyamarar ofis da gilasai biyu: gajere mai milimita 35, da dogo mai zum, 70 zuwa 300. Shekararsa ashirin da shida yana ɗaukar hoto a nan. Kunnensa na hagu rabi ne, wai kwalba ce ta tafi da sauran a wani gangami.

Ya ce tunda kimiyyar haske na karanta, in faɗa masa sau nawa dogon yake jawo abu. Na ce ai tambaya biyu ce. Zum ɗinsa sau huɗu ne da ɗigo uku, wato 300 a raba da 70, kuma wannan tazarar da za ka iya murɗawa ce kawai. Girman abu kuwa lambar milimitar ce ke kawo shi: a 300 mutum zai fito ninki shida na yadda zai fito a 50. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya leƙa ta taga ya ce wa direba an kawo mana Farfesa. Kafin azahar har mai shara ta ɗauki sunan. Da ma shiru na yi.

Alhamis, 6 ga Maris

Baba Hoto ba ya ƙaunar dogon. Ya ce na masu ɗaukar tsuntsaye ne, shi in bai ji warin gumin mutum ba bai ɗauke shi ba. Ni kuwa ina son sa. Ba mai ganinka.

Talata, 11 ga Maris



An tura ni ƙofar kamfanin buhuna, ma'aikata na yajin aiki. Baba Hoto na kwance da ciwon baya. Ƙarfe goma da minti ashirin masu gadi suka buɗe ƙaramar ƙofa, suka fito da kulake da guntayen bututun ƙarfe. Ban taɓa jin ƙarar ƙarfe a kan ƙashin mutum ba. Ashe ba ta da ƙarfi, kamar an taka busasshiyar ƙwarya. Wata mata ta faɗi aka bi ta kanta. Wani ya kare kansa da hannu, na ga hannun ya lanƙwashe a inda babu gaɓa.

Na gudu. In rubuta yadda aka yi: na gudu, na durƙusa bayan tayar wata tirela, na ɗaura dogon, na murɗa shi har 300. Hoto arba'in da ɗaya. A na sha tara wani ma'aikaci na kwance, jini ya rufe masa fuska, a kansa wani mutum mai singileti ya ɗaga ƙarfe da hannu biyu. Su biyun sun fito tar.

Edita ya bugi tebur ya ce shafin farko ke nan. Ya kira ni da sunana na gaskiya. Na ji daɗi. Wannan ma in rubuta.

Laraba, 12 ga Maris

Ya fito. Umma ta sayi biyu, ɗaya na yawo gidan maƙwabta. A ƙarƙashin hoton an sa: ɗan dabar da kamfani ya ɗauko. Ba ni na rubuta ba. Ban kuma tambayi wanda ya rubuta ina ya samo ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Ma'aikacin ya rasu da safe.

Juma'a, 14 ga Maris

Direba ne ya kawo labarin. Mai singiletin nan mai facin taya ne, rumfarsa na gefen ƙofar kamfanin shekara da shekaru. Jiya da aka dawo daga binne mamacin, ma'aikata suka zarce wurinsa da jaridar a hannu. Da ƙarfen cire tayarsa suka dake shi. Haƙarƙari uku, muƙamuƙi, ido ɗaya. Suka tara tayoyin suka cinna wa rumfar wuta, har da injin iska. Da ƙyar 'yan sanda suka ƙwace shi. Yayan mamacin ya rantse a gaban kowa cewa ranar da asibiti ta sallame shi, ranar zai ƙarasa aikin.

Wai tun yana iya magana yake cewa rumfarsa yake saukewa don kar a farfasa masa kaya. Direba ya ce kowa ma haka zai ce.

Na koma kwamfuta. A hoto na ashirin ƙarfen ya sauka a kan sandar rumfa. A na sha takwas, can gefen dama, rabin ƙafa ce da baƙin takalmin but tana fita daga hoton. Ranar Talata ban buɗe ko ɗaya cikinsu ba, na sha taran ya yi kyau da yawa.



Asabar, 15 ga Maris

Na ari tef ɗin awon kawu na je da sassafe. Inda tirelar ta tsaya akwai tabon baƙin mai. Daga nan zuwa inda aka watsa yashi a kan jinin, mita sittin. Daga yashin zuwa gindin sandar da ta ƙone, mita bakwai da santimita goma. Sau biyu na auna.

Sittin a raba da sittin da bakwai. Wato wanda ke baya ya ragu da kashi ɗaya cikin goma kawai, ido ba ya kama wannan, sai ka rantse a kansa yake tsaye. Jikin mamacin kuma ya rufe ƙafafun mai facin. Da a mita uku na tsaya, da mai facin bai kai kashi ɗaya cikin uku na girman mamacin ba, ɗan mutum can baya yana fama da rumfarsa. Kuma da gajeren gilashi, da mai but ɗin ya shigo gaba ɗayansa.

Duk na san wannan. Na rubuta jarrabawa a kansa, na fi kowa maki. Gilashin bai matse komai ba, girma kawai ya ƙara wa abin da na nuna masa. Inda na tsaya ne.

Litinin, 17 ga Maris

Na kai wa Edita hotunan uku da lissafin. Ya tambaye ni ko an haɗa hoton ne. Na ce a'a, yallaɓai. Ya ce to ina ƙaryar take? Daga ƙarshe ya yarda za a sa layi biyu a shafi na sha huɗu, in lauya ya duba, wataƙila mako mai zuwa.

Baba Hoto ya dawo yana dogara sanda. Ya daɗe yana kallon hotunan. Bai ce Farfesa ba, da ma ya ce. Ya tambayi inda na tsaya, na faɗa masa har da tayar. Ya sosa rabin kunnen ya ce, “Masu jiransa a ƙofar asibiti ba sa karanta shafi na sha huɗu.”

Laraba, 19 ga Maris

Asibiti. An ɗaure wa mai facin baki da waya, da bututu yake shan ruwa. Matarsa ta ɗauka ma'aikacin wurin ne ni, ta ce jibi za a sallame su, ko za a iya ƙara musu kwana? Ba don ciwon ba. Na gane.

Na faɗa mata ko ni wane ne. Na zaci za ta mare ni, har na so. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, “Kai ne? Ashe ma ɗan yaro ne.” Ta juya ta ci gaba da yi masa fifita.

Jibi.

Alhamis, 20 ga Maris

Da ƙyar nake riƙe biro, yatsu biyu sun kumbura.

Na je ƙofar kamfanin da kyamara da hotunan uku. Suna zaune a ƙarƙashin bango, sun kai talatin. Na yi sallama, na ce ni na ɗauki hoton, kuma mai facin bai taɓa ɗan'uwansu ba. Yayan mamacin ya miƙe, dogo ne, idonsa jajir. Ya tambayi nawa kamfani ya ba ni. Ban ga hannun ba, sai na ji ƙasa a bakina. Ƙafafu ta ko'ina, ciki, baya, wani ya taka min yatsu yana murzawa. Na dunƙule a kan kyamarar. Haƙorina na gaba yana can. Wai ina ta faɗin mita bakwai, mita bakwai. Ni ban tuna ba.

Matar nan da aka tattaka ranar Talatar makon jiya ce ta shiga tsakani, hannunta a rataye. Ta ce ku bar shi ya ƙarasa lissafinsa, ai ba gudu zai yi da wannan ƙafar ba. Wasu har suka yi dariya.

Na roƙi ɗaya ya kwanta a kan yashin, ɗaya ya tsaya a gindin sandar ya ɗaga itace. Na ce yaya, zo mu je. Muka taka mita sittin, ina ɗingishi yana bina. Na sa shi ya durƙusa a tabon man, na murɗa 300, na miƙa masa. Ya sa ido. Ya sauke ya duba da idonsa. Ya sake sawa. Sau uku. Jinina ya ɓata masa hannu.

Ya karɓi hoto na sha takwas ya ɗora babban yatsa a kan but ɗin.

“Wannan ƙafar ta wa ce?”

“Ban sani ba, yaya. Na yi nisa.”

Ya ninke hoton ya sa a aljihu.

Juma'a, 21 ga Maris

An sallami mai facin ƙarfe sha ɗaya. Na tsaya a ƙofar asibitin har tasinsu ta sha kwana. Ba wanda ya zo. Idon dai ya tafi.

Talata, 1 ga Afrilu

Masu gadi sun sake fitowa yau. Hoto sha shida, fuskoki shida, kowace ana iya gane ta, biyu da baƙin but. Kulki ya same ni a kafaɗa, ba karaya. Da na dawo akwai ɗigon jini a jikin gilashin, ban san na wane ne ba, na goge da auduga.

Dogon na cikin aljihun tebur tun wancan makon. Nauyi ne da shi, kuma zif ɗin jakar ya lalace, shi ke nan dalilin.

Baba Hoto ya duba hotunan ya ce, Farfesa, wannan a mita nawa?

Biyu, ko ƙasa da haka. Ban auna ba.