A Buɗe Aljihun Teburin Nan Kafin a Yanke Ƙafar Idi

Zuwa ga Kamarad Shugaban Kwamitin tashar manyan motocinmu, Paraku.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti. Ni ce Hajara mai koko ta unguwar Albarika, wadda ke zama a bakin Gar, wato tashar jirgin ƙasa. Ka san ni, ka sha kokona tun kana direba. Sau uku ina zuwa bironka, ofishin kwamiti, ana ce mini kana taro, shi ya sa na rubuta wannan a fili, kowa ya karanta. Na san zamanin nan ba a son mai yawan magana, kuma wallahi gabana faɗuwa yake yi. Amma ƙafar ƙanena ake shirin yankewa, ba zan iya yin shiru ba.

Na ɗaya, ga abin da ya faru. Ƙanena Idi direban kamyo ne, babbar motar kaya, yana kai siminti daga Gar zuwa Jugu. Ba zan ɓoye maka ba, yana shan ƙwayar hana barci kamar yawancin direbobi, irin wadda kafin mutum ya shanye kofinsa na safe ta fara aiki. Ranar Larabar makon jiya da safe ya sayi wata sabuwa a tasha, 'yar mitsitsiya, ba ta kai ƙwayar dawa ba, babu suna babu takarda, a cikin kwalin ashana. Ya haɗiyi ɗaya, ya zauna a bencina ana yi masa lodi. Awa guda bai ji komai ba, sai ya ƙara ta biyu. Ashe ita wannan ba ta sauri. Sai ta yi awa biyu ko uku shiru, sannan ta taso wa mutum gaba ɗaya.

A mashigar Jugu ta taso masa. Allah Ya rufa asiri ya samu ya tsayar da motar. Ya ce hanya ce ta riƙa tashi tana sauka kamar zanen da ake kaɗawa, fuskokin mutane suna narkewa, hannunsa ma bai gane nasa ba ne. Waɗanda suka sauko da shi sun ce baƙin idonsa ya buɗe har ya kusa cinye idon, zuciya na bugawa da ƙarfi, haƙora a datse, gumi sharkaf. Kwana biyu bai runtsa ba, yana kuka yana cewa ya riga ya mutu. Danginmu na Zangon Jugu suka ɗauka iska ce ta buge shi, suka yi ta turare da tofi. Ban ga laifinsu ba, ni ma da abin da zan yi ke nan. Amma duk tsawon kwanakin nan ƙafafunsa sanyi ƙalau, babu wanda ya san ma'anar hakan.

Na biyu, abin da likita ya ce. Ranar Juma'a aka dawo da shi asibiti a nan Paraku. Likita ya ce wannan ba ƙwayar hana barci ba ce. Wata guba ce da ake haɗawa, mai rikita gani da ji da tunani, kuma ɗan ƙiris ɗinta ya isa ya kayar da ƙato. Ya ce tana matse hanyoyin jini har jinin ya kasa kai wa yatsu. Yanzu yatsu biyu na ƙafar Idi ta dama sun yi baƙi, kuma baƙin hawa yake yi. Kullum da safe sai na ɗaga mayafin na duba. Daga baya likita ya ce irinta suna da yawa, lalube kawai yake yi, yana son ganin ƙwayar don a aika Kwatano a gwada. In baƙin ya wuce yatsu zuwa Litinin, zai yanke. Kamarad, da wace ƙafa direba ke taka birki?

Na uku, kuma nan ne kukana. Sauran ƙwayoyi huɗu na same su a aljihun Idi ranar Asabar. A tarurruka kullum kuna gaya mana duk abin da ya shafi jama'a a kawo wa kwamiti. Na yarda da ku, na kawo maka kwalin da hannuna kafin in san likita zai nema. Ka jefa shi a aljihun tebur, ka kulle, ka ce shaida ce, sai kwamiti ya zauna. Da na dawo nema, sakatarenka ya ce in daina ɓata sunan tasha. Haba Kamarad! Sunan tasha ne ke kwance a asibiti? Mai sayar da ita kuwa yana nan yana yawo tsakanin motoci, jiya ma na gan shi da idona.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. A buɗe aljihun nan yau, a ba likita ko da biyu ne, ka riƙe biyu don shaidarka, jirgin ƙasa ya tafi da su Kwatano. A hana mutumin nan shiga tasha. Sannan a tara direbobi a gaya musu da Hausa da Dandanci da Faransanci cewa wannan ƙwaya ba ta aiki da wuri, wanda ya ji shiru kada ya ƙara, wanda ƙafarsa ta yi sanyi a kai shi asibiti nan take.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba, har matar Idi. Da Idi ya ce bai ji komai ba, ni ce na yi dariya na ce an cuce shi da tsohon kaya, ya ƙara ɗaya mana. Ni na miƙa masa kofin ruwan. Ban sani ba, Allah ne shaidata. Kai kuwa yanzu ka sani, kuma makullin yana aljihunka.

Allah Ya kare ka da zuriyarka, kada Ya nuna maka ranar da za ka riƙa ɗaga mayafi kana ƙirga yatsun ɗan'uwanka. Gobe da sassafe ba zan dama koko ba, ina ƙofar bironka.

Wassalam.

Hajara mai koko,
Albarika, Paraku.